Ba Kowace Shawara Ce Ta Sassaƙe Ba



Bara muka rufe abokin karatunmu a Kurawa, Allah ya jiƙansa. Idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, jiki na ƙaiƙayi, ga rama. Aka ce shawara ce, aka yi wata huɗu ana jiƙa masa sassaƙe. Ko da aka kawo mini shi Sakkwato, ashe ciwon daji ne na fankiriyas, har ya kama hanta.

Ga malaminmu na bayoloji nan zaune, ya san bulalar da muka sha kan zanen wannan halitta. Tana kwance bayan tumbi, tana fitar da ruwan narka abinci da insulin mai daidaita sukarin jini. Dajinta iri biyu ne manya. Kusan 90 cikin 100 daga magudanan ruwan narka abincin yake tasowa. Shi ne mugun, domin ba ya nuna kansa sai ya yi nisa. In ya tsiro ta wajen kanta sai ya danne hanyar matsarmama, ido ya yi ɗorawa. Na biyun daga ƙwayoyin da ke yin insulin da danginsa yake fitowa, yawanci tafiyar hawainiya gare shi. Shi aka gano wa Steve Jobs na kamfanin Apple a 2003, ya kai 2011.

Fiɗa ce kawai ke iya raba mutum da na farkon, irin wadda Allen Whipple ya bayyana a Amurka a 1935, amma da ƙyar mutum 1 cikin 5 ke zuwa tana da sauran amfani. A 2011 likitocin Faransa suka nuna wani haɗin magunguna na ƙara wa waɗanda ciwon ya bazu kwana daga wata 7 zuwa 11. Kaɗan ne, na sani. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin allurar da ake haɗa wa kowane majinyaci tasa a New York: jikin 8 cikin 16 ya amsa. Har yanzu gwaji ne.

Roƙona, wanda ya haura hamsin ya ga shawara da rama, ko ciwon sukari ya same shi kwatsam tare da ciwon baya, a kai shi hoton ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo cikin makon. Na san halin da hanyar Sabon Birni da Isa ke ciki, na san tsadar mota. Ina ba da shawara ƙungiya ta buɗe asusun kai marasa lafiya. Sakatare, rubuta sunana da kuɗin motar mutum biyar.