Amsar Wasiƙunku: Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda?

Wani manomi ne daga Gwaram zai kai mahaifiyarsa Umara, ga ta da ciwon sukari, shi ne yake tambaya awa nawa za su yi a sama.

To Malam, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar wajen awa biyar ta sararin Chadi da Sudan. Amma fa a 2023 yaƙin Sudan ya sa jirage yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Sannan agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kada ya rikita maka lokacin shan magani. Maganin Hajiya da ɗan abin taɓawa su zauna a jakar hannu, kada su bi manyan kaya.

Allah ya kai ku lafiya. A gaida mutanen Gwaram.