Dankali a Cikin Kwalba: Jawabi ga Ɗalibai



Manomin dankalin Turawa a Jos ba ƙwaya yake shukawa ba, dankalin bara yake binnewa. To, duk cutar bairos da ƙwari suka sa wa uwar tana nan cikin 'ya'yan, amfani kuwa sai ya riƙa raguwa kowace shekara. Maganin wannan shi ne iri mai tsabta, kuma a ɗakin bincike ake samo shi.

A 1955 Morel da Martin na Faransa suka nuna cewa in an yanko ɗan mitsitsin kan tsiron dankali aka rene shi cikin kwalba, yakan tashi babu cuta. A 1962 kuma Murashige da Skoog suka haɗa abincin da har yau ake renon irin wannan tsiro da shi. Sai dai tsiro dabam, dankali dabam. Me zai sa ya yi 'ya'ya cikin kwalba?

Na farko, sinadaran girma. Dankali reshe ne da ya kumbura, ba saiwa ba. Sinadarin jibaralin yana sa reshen ya yi ta tsawo, watau yana hana shi kumburi. Saitokainin kuwa yana sa ƙwayoyin halitta su rarrabu, sai kan reshen ya taru. Na biyu, sukari: kashi 3 cikin 100 ya ishi ganye, amma 'ya'ya sun fi son wajen kashi 8. Na uku, haske. Asalin dankali duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, kuma gajeriyar rana da dogon dare suke sa shi 'ya'ya. Ganye ne yake auna tsawon rana, ya aika saƙo ƙasa. A 2011 masana suka gano furotin ɗin da yake kai saƙon. Saboda haka akan ba kwalaben hasken awa 8 kawai, ko a ajiye su cikin duhu. 'Ya'yan sukan fito kamar wake ko gujiya, masu sauƙin ajiya da ɗauka.

Jama'a, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Muna da tashar binciken dankali a Kuru. Ku da za ku riƙe ma'aikatun gona gobe, ku sani kwalba ba ta aiki sai da wutar lantarki tsayayya da ƙwararrun ma'aikata. In kun tanadi waɗannan, iri mai tsabta zai kai hannun manomi.