Hoton Tsohon Kaya: Jawabin Magatakarda a Taron Garu

Shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da kuka taso daga Malanbil, Gaya da Kamba, sannunku da zuwa Garu. Allah Ya maimaita mana wannan rana.

An ce mu ba da bayanin ajin ɗaukar hoto da muka buɗe a ofis. Kowa ya san abin da ya jawo shi. Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, muka daure. A ƙarshen Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, abinci ya koma kan kwale-kwale. Mai sayen albasa da shinkafa ya san abin da zai samu ko bai gani ba. Amma masu tsofaffin kaya, kwanonin samira na iyayenmu mata, tasoshin tagulla na Bida, keken ɗinki, atamfar Holan da ta shekara talatin a ƙasan akwati, cinikinsu na ido da hannu ne. Mai saye sai ya ɗaga, ya juya, ya ƙwanƙwasa. Da ya kasa ƙetarowa, sai salula ta zama hannunsa.

Da farko mun yi ɓarna, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Wani ɗan'uwanmu ya ɗauki hoton jeren samira guda shida, ya juya wajen da fenti ya ɓantare zuwa bango. Wata hajiya a Yamai ta gani a WhatsApp, ta biya, aka haye da kayan. Kwana huɗu sai ga su sun dawo, da kuɗin mota da na kwale-kwale a kansa. Shari'ar ta zo teburinmu. Ya ce bai yi ƙarya ba, tunda bai ce komai ba. Dattawa suka ce hoton ne ya yi maganar, kuma shi ya ɗauke shi. Ya biya. Abin da ya fi mana zafi, hajiyar ta ce ba ta ƙara sayen komai daga “mutanen Malanbil”, ba shi kaɗai ba, mu duka.

Daga nan muka sa doka: duk kayan da za a sa a zauren ƙungiya, hoto biyar. Gaba, baya, ciki, gindi, sannan aibi, a matso kusa da shi, a nuna da yatsa. Wasu sun yi gunaguni, wai wa ke tallan aibin hajarsa? To, mun gwada. Mai neman tsohon kaya ya san ba daga kanti ya fito ba. In ya ga tabon da idonsa, ciniki ya taƙaita, kuma kaya ba ya dawowa. Hoton gindin ma kuɗi ne, domin can tambarin masana'anta yake. A atamfa kuma, bakin zanen za a ɗauka, inda aka buga suna da lamba.

Sauran abin mai sauƙi ne. A goge idon kamara da gefen riga, ƙurarmu ba ta wasa. Kada a ɗauka da tsakar rana, kada a kunna fitilar salula, tagulla da samira suna mayar da haske, sai a ga fari fat. Inuwar rumfa da hantsi ta fi. A shimfiɗa farin yadi, a kawar da takalmi da buta. A ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girma, saboda an taɓa zarginmu da sayar da ƙaramin kwano a matsayin babba. Baƙin turkuɗi na Kura shi ya fi ba mu wuya, har yanzu muna fama, ko ya fito baƙi ƙirin ko ƙyallinsa ya ɓace.

Akwai abin da muka ƙi ɗauka ko da an roƙe mu. An kawo mana tsofaffin littattafan hannu na wani gidan malamai, magada ba su gama rabo ba. Muka mayar. Kun tuna a Nuwamban 2021 Faransa ta dawo wa Benin da kayan sarautar Abome guda 26, bayan fiye da shekara ɗari a hannunta. Ba za mu zama ƙofar da wasu za su sake fita ba. Kayan gado sai da yardar magada, kayan fada da na masallaci kuwa ba ma taɓawa.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi sanin wane kwano ne na da, wane ne na jiya. Muna roƙo ku riƙa zuwa ajin, yara su riƙe salula, ku ku faɗi gaskiyar kayan. Muna zama kowace Laraba bayan la'asar. Farin yadin yana ofis, amma kowa ya zo da salularsa da caji.