GUBAR DALMA A RUWAN SHA: Jawabi Ga Mutanen Gombe Mazauna Kudu

Wannan magana ta shafi duk magidancin da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, alhali iyalinsa suna Jekadafari, ko Bolari, ko Pantami.

Kowa ya san wahalar ruwa a Gombe. Daga madatsar Dadin Kowa, wadda aka kammala a 1984 a kan Kogin Gongola, ake turo ruwan famfo; inda bai kai ba, sai rijiyar burtsatse da tanka da 'yan garuwa. To, ko ruwa ya baro ma'aikata da tsabta, yana iya kwasar dalma a hanya, watau daga tsohon bututu, ko mahaɗin da aka liƙe da dalma, ko kan famfo na tagulla, ko duron da aka taɓa zuba fenti.

Mugun abu game da dalma shi ne ba a ganinta a ruwa, ba a jin ɗanɗanonta. Tana taruwa a jiki sannu a hankali, ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa jini, kana ta cuci ɗan da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ta wuce miligiram 0.01 a lita guda, ma'aunin Nijeriya ma haka yake.

Ba a manta da Zamfara ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gida. A birnin Flint na Amurka kuwa, canza mashaya aka yi a 2014, sabon ruwan ya ci bututun dalma, guba ta shiga gidaje.

Saboda haka mai aika kuɗin gini ya ja kunnen mai aikin famfo: bututun roba za a sa, ban da liƙi da dalma. In ruwa ya kwana a bututu, a bar shi ya zuba na ɗan lokaci, a tara na farkon don wanki, sa'an nan a ɗebi na sha. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da dalma, sai ma ta ƙara mata ƙarfi idan ruwan ya ƙone. Kada a fasa batirin mota kusa da rijiya. Wanda ya haƙa burtsatse ya kai ruwan a auna kafin a fara sha. A riƙa ba yara nono da wake da zogale, domin jikin da ya ƙoshi bai cika zuƙar dalma ba. Yaron da ake zargi ya sha, a kai shi asibiti a gwada jininsa.

Wanda zai aika saƙo gida a wannan wata, ya haɗa da wannan gargaɗi. Allah ya kiyaye zuriya. Wassalam.