Bijimin da Ya Hau Tirela da Wanda Ya Rage a Garke



Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Azare, ko ya leƙa Potiskum ranar kasuwa, ya riga ya ga abin da zan yi magana a kai. Bijimai masu cika ido, masu faɗin ƙirji da tsayayyen tozo, su ake fara lodawa a tirela zuwa Kudu. Masu bi musu manoman Gamawa da Shira da Jama'are ne ke saye don huɗa, su yi damina biyu ko uku, a turke su da harawa da dusa, su ma su bi mota. To wa aka bar wa shanu mata? Sau da yawa wanda aka taya da arha a kara, mai shi ya ƙi sallamawa, ya koro shi gida. Shi ke zama uban garke.

Ku yi lissafi da ni. Saniya wata tara take da ciki ta haifi maraƙi ɗaya, a irin kiwonmu ma takan tsallake shekara. Lafiyayyen bijimi kuwa zai iya barbarar shanu 25 a shekara, kuma rabin jinin kowane maraƙi nasa ne. Kuskure a kan saniya asarar maraƙi ɗaya ce. Kuskure a kan bijimi na garke ne kaf, har jikoki.

Ban zo koya wa Fulani zaɓen uban garke ba, don ba a koya wa ɗan kada iyo. Dattijon makiyayi in an nuna masa ɗan bijimi, uwar yake fara tambaya. Tana da nono? Tana haihuwa a kai a kai? Yaya take fita daga bazara? Wannan ilimi ne, kuma shi ake koyarwa a jami'a da wasu sunaye. Abin da ke karya shi matsi ne: kuɗin magani, hatsi, biki, sai a kai wanda ya fi daraja kasuwa.

Ga mai kiwo don nama, ƙaho da launi ado ne, mahauci ba ya auna su. A dubi tsawon baya da cikar cinya. A sa shi ya yi tafiya a ga ƙafafunsa, domin mai ɗingishin ƙafar baya ba zai iya hawa ba. A duba 'ya'yan maraina, su zama biyu daidai, masu cika, babu kumburi. Haƙora su faɗi shekarunsa. Kafin ya shiga garke kuma likitan dabbobi ya gwada jininsa saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, take kuma kama mutum ta ɗanyen nono.

Sai batun iri, inda na fi samun saɓani da matasa masu sha'awar gona. Kowa na son jinin waje. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firiziyan, amma don madara ne, kuma 'ya'yan suna buƙatar inuwa da abinci da magani. Kada ka kai su dajin Udubo a watan Afrilu ka sa ran alheri. Ku dubi Barazil, wadda ke kan gaba wajen fitar da naman shanu a duniya: yawancin garkenta Nelore ne, mai tozo, asalinsa Indiya, kuma zaɓe da rubutu na shekaru suka kai shi inda yake. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi irin wannan haƙurin da shanun Azawak a tashar Tukunus. Mu ma muna da abin zaɓa. Bunaji na da juriya, Bokolo na da jiki da saurin ƙiba a turke, Rahaji na da girman ƙashi da doguwar tafiya, ko da yake ba ya son ɗauri. Ni dai a ƙasar Katagum, ga wanda ke zaune wuri ɗaya, Bokolo a kan shanun Bunaji zan ba shi shawara.

Kowane iri ka zaɓa, kada ya wuce shekara uku zuwa huɗu a garke, domin daga nan 'ya'yansa mata sun isa barbara. In ya hau su sai ka ga maruƙa ƙanana, masu yawan ciwo. Ba lallai ka sayi sabo ba, yi musaya da wata ruga da jininku bai haɗu ba. Sauran 'yan bijiman da ba ka zaɓa ba, a dandaƙe su tun suna ƙanana.

Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, muna fatan alheri. Kafin aikinta ya iso ruga, ɗaliban da ke zauren nan kowa ya sayi littafin rubutu ya kai gida, ya ja layi huɗu: sunan uwa, sunan uba, ranar haihuwa, da awon ƙirjin maraƙi ranar yaye. Tef ɗin tela ya isa awon.