Jiragen Gwanjo a Gonakin Amurka: Haɗurran Ƙananan Jiragen Sama Daga 1911 Zuwa 1926



Takardar nan ta taƙaita ne a kan shekarun da kowane mai kuɗi a Amurka yake iya sayen jirgin sama, ya tashi da shi daga gonar wani, ba lasisi, ba mai duba lafiyar jirgin. Littattafan tarihi sun fi ba da labarin wannan zamani a matsayin zamanin jarumai. Ni kuwa abin da nake son nunawa shi ne, yawancin haɗurran da suka auku a karkara suna da sababi bayyananne wanda ake iya kaucewa, kuma mutanen ƙauye sun ɗauki kaso mai yawa na kasadar ba tare da an faɗa musu ba.

Mu fara da Calbraith Rodgers. Ranar 17 ga Satumba 1911 ya tashi daga New York da wani jirgi ƙirar 'yan'uwan Wright, yana neman dala 50,000 da mai gidan jarida William Hearst ya sa wa duk wanda ya ratsa ƙasar cikin kwana 30. Tun a farkon tafiyar, a Middletown, jirgin ya shafi bishiya ya rikito kan akurkin kaji. Haka ya yi ta faɗuwa ana gyarawa, jirgin ƙasa na biye da shi ɗauke da kayan gyara, har ya isa Pasadena ranar 5 ga Nuwamba, wa'adi ya riga ya wuce. A Afrilun 1912 ya faɗa teku a Long Beach ya mutu.

Matsalar ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwamnati ta yi gwanjon jiragen koyon tuƙi samfurin Curtiss JN-4, waɗanda ake kira Jenny. Jirgi ne na katako da waya, an lulluɓe shi da yadi, an shafe yadin da wani fenti mai saurin kama wuta. Injinsa, OX-5, ƙarfin doki 90 gare shi, fulogi ɗaya tak a kowace silinda, ga yawan yoyon ruwa. Tankin mai yana tsakanin inji da kujerar gaba, wato daidai inda ake zaunar da fasinja. Araha ba ta ado. Samari suka sayi jiragen nan suka shiga ƙauyuka, su sauka a makiyaya, su ɗauki manomi da ɗansa su zaga da su sama na 'yan mintoci a kan kamar dala 5. Man mota suke saye a gari su tace da fata don raba shi da ruwa. Da dare kuma sai sun tsare jirgin, domin shanu kan lashe fentin har su yaga yadin fiffike.

Filin sauka shi ne babban tarko. Daga sama ciyawa takan rufe kwari da kututture da shingen waya. Idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, matuƙi maras ƙwarewa yakan yi ƙoƙarin juyowa ya koma filin, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗaukar nauyi, jirgin ya wulwulo ƙasa da ka. Ko Charles Lindbergh, wanda ya ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, ta nan ya bi. A 1923 ya sayi Jenny a kan dala 500 a Americus ta jihar Jojiya, alhali bai taɓa tuƙa jirgi shi kaɗai ba. Ba a jima ba ya afka rami a wani fili kusa da Maben ta Misisipi, farfela ta karye. A 1924, a Camp Wood ta Teksas, ya nemi tashi daga titin gari, fiffike ya bugi turken wayar tarho, jirgin ya fasa bangon wani kanti. Har yau ana ba da labarin nan ana dariya. Ina ganin bai dace ba, domin kantin wurin cinikin mutane ne.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na Bessie Coleman. Baƙar fata ce 'yar Teksas, makarantun tuƙi na ƙasarta suka ƙi karɓarta, ta tafi Faransa ta samo lasisi a 1921. Kuɗinta bai kai na sabon jirgi ba, don haka tsohuwar Jenny ta saya a Dallas, wadda sai da ta yi saukar dole har sau uku kafin ta isa Jacksonville ta Fulorida. Ranar 30 ga Afrilu 1926 makanikinta William Wills yana tuƙi, ita kuma ba ta ɗaura bel ba don tana leƙa filin da za ta dira da laima washegari. Jirgin ya kife, ta faɗo, shi ma Wills ya mutu. Da aka bincika tarkacen sai aka tarar sifana ce ta maƙale a cikin kayan sarrafa jirgin. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, amma sifanar nan hannun mutum ne ya bar ta a wurin.

Bayan kwana 20, ranar 20 ga Mayu, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu a dokar sufurin sama, wadda ta ɗora wa Ma'aikatar Ciniki aikin ba matuƙa lasisi, da rajistar jirage, da binciken haɗurra. Sai dai ƙarfinta ya fi tsayawa a kan masu sana'a tsakanin jiha da jiha, saboda haka mai yawo a ƙauyukan jiharsa ya ci gaba da shawagi har sai da jihohi suka yi nasu dokokin.

Kirana ga ɗalibai masu binciken tarihin sufuri shi ne su waiwayi ƙananan jaridun garuruwa da takardun kotuna na wancan zamani, su zaƙulo mana labarin fasinjojin kujerar gaba da manoman da aka tattake wa amfanin gona. Na matuƙan an rubuta shi ya isa.