Na'urar Ba Ta Taɓa Cin Kasuwar Maigatari Ba

  

Yau zancenmu a kan abin nan ne da yara suka shigo mana da shi cikin waya, wanda ake ce wa ƙirƙirarriyar basira, wasu kuma su ce AI. Ka rubuta mata tambaya, ta mayar maka da amsa kamar mutum ne a ciki. Akwai ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022, akwai Gemini, akwai kuma Meta AI wadda masu WhatsApp da yawa a Najeriya suke ganin alamarta ko da ba su neme ta ba. To, wanda ya ƙudura fara sabuwar sana'a, shin zai iya neman shawararta kan yadda zai samu masu saye? Zai iya. Sai dai ya fara sanin da wa yake magana.

Wannan abu ba aljani ba ne, ba kuma duba take yi ba. Rubuce-rubucen mutane aka tara mata masu ɗimbin yawa, ta koyi yadda magana take bin magana, shi ya sa bakinta yake da daɗi. Amma mafi yawan abin da ta karanta da Turanci yake, kuma labarin kasuwancin manyan birane ne. Hausar da ke ciki kaɗan ce, Fulatanci da Buzanci kuwa ba a magana. Ku ɗauke ta kamar yaron da ya yi karatu mai zurfi a birni, ya iya lissafi, ya iya tsara zance, ba ya gajiya da tambaya, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa a karar Maigatari ranar Alhamis ba. Idan ka ce da irin wannan yaro, "Ina son kasuwata ta haɓaka," zai ce ka buɗe shafi a intanet, ka biya kuɗin talla a Facebook, ka sa a zana maka tambari. Ba ƙarya ya yi ba. Shawarar dai ba taka ba ce, ta wani ce can.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ga wata baiwar Allah a ruga, tsakanin Magarya da Ɓaɓura. Da damina nono ya yi yawa, kowace mace da ƙwaryarta, man shanu ya yi araha har ana roƙon mai saye. Da rani kuwa shanu sun yi nisa, nono ya ja baya, mai ya yi tsada. Sai ta yi tunanin ta riƙa soya man da damina, tunda soyayye yana daɗewa bai lalace ba, ta ɗura a kwalabe, ta ajiye har ya yi daraja, ta sayar wa mutanen gari. Dabara ce mai kyau. Abin da ya rage mata shi ne: wa zai saya, kuma don me zai sayi nata ya bar na kasuwa?

Inna, in ɗanki ne zai rubuta miki, kada ki bari ya fara da tambaya. Ya fara da labari. Ya faɗi kwalba nawa kike iya haɗawa a wata, nawa kike kashewa a kan itace da kwalba da kuɗin mota, wace kasuwa ce kusa da ke, wace rana take ci, wayar gidan tana da WhatsApp ko ba ta da shi, masu sayen naki suna karanta boko ko sai an yi musu magana da baki. Bayan nan ya rubuta mata wannan, don ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a cikin zancen nan namu: "Kafin ki ba ni shawara, ki yi mini tambaya goma a kan abin da ba ki gane ba." Za ku sha mamaki. Za ta tambayi kwana nawa man yake yi kafin ya sauya ƙanshi, wa yake sayar da irinsa a garin da kike nufi, in kwalba ta fashe a mota asarar wa ce. Sau da yawa tambayoyin sun fi amsar daraja, don abubuwa ne da mutum ya sani sarai amma bai taɓa zama ya jera su ba.

Sannan a ce ta lissafo irin mutanen da za su iya saye. A nan tana da ƙoƙari, amma ke za ki tace. Ƙila ta kawo manyan kantuna da otal-otal. Ajiye wannan gefe tukuna, domin a Najeriya kayan abincin da aka ɗura aka liƙa wa suna don shiga kanti yana buƙatar rajistar NAFDAC, wannan kuwa tafiya ce ta gaba. Ke faɗa mata naki: masu tuwo-tuwo a tasha, gidan da ake shirin biki ana haɗa gara, mai jego, masu yin nakiya, da mutanenmu da ke zaune Agege a Legas ko Sabo a Ibadan, waɗanda suke kewar miyar kuka da man shanu na gaske. Da zarar ta ji waɗannan, sai ki ga shawarar ta sauko ƙasa. Ki tambaye ta wanne cikinsu zai riƙa saye kowane mako, wanne ne sai shekara-shekara, wanne zai biya nan take, wanne zai nemi bashi. Mai tuwo ba za ta biya da tsada ba, amma kullum tana nan. Na Legas zai biya da kyau, amma akwai kuɗin mota da jiran direba.

Sai babbar magana, wato yarda. Kowa ya san abin da ya ɓata kasuwar man shanu a gari shi ne algus, a gauraya shi da wani mai a ce zalla ne. Saboda haka abin da inna take sayarwa ba mai kaɗai ba ne, har da amana. Na'urar ba ta san wannan ba sai an faɗa mata. In an faɗa, za ta iya kawo hanyoyi: a ba da ɗanɗano a 'yar ƙaramar kwalba, a ce wanda ya samu gauraye ya dawo da shi ya karɓi kuɗinsa, a tsaya a kan kwalba iri ɗaya da awo ɗaya don a gane naki ko daga nesa, a yi wa wadda ta kawo sabuwar mai saye ɗan ihsani. Cikin goma ƙila uku ne za su zauna. Ukun nan sun isa.

Amma fa ku kasa kunne nan, don akwai shawarar da za ta ba ku da kyakkyawar niyya, wadda a wurinmu haɗari ce. Za ta ce a ɗauki bidiyon garke, a nuna ruga, a nuna fuskar mai sana'a da inda take, don mai saye ya natsu. A wata ƙasa wannan talla ce. A dajin da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suke yawo da waya a aljihu, wannan ƙirga musu dukiyarka ne kana nuna musu hanya. A nuna tukunya a kan wuta, a nuna kwalba, a tsaya nan. Haka mai kiwon ragunan Layya: hoton rago ɗaya a jikin bango ya wadatar, ba sai an ga turke duka ba. Lambar asusun banki, lambar sirri, lambar katin ɗan ƙasa, waɗannan ba abin rubuta wa na'ura ba ne, kome daɗin hirar.

Lissafi kuwa, nan ma tana taimako, muddin an yi mata magana dalla-dalla. Mu nan bakin iyaka mun saba da kuɗi biyu da ƙirga biyu. Mutumin Maraɗi in ya ce jika biyar, sefa 5,000 yake nufi. Dattijon Katsina in ya ce jaka biyar, naira 1,000 yake nufi. Dala ashirin a Nijar sefa 100 ce. Rubuta mata "jika biyar" kawai, ka ga yadda za ta gina maka riba a kan iska. Ka rubuta adadi da lamba, ka faɗi sunan kuɗin, ka kuma ba ta canjin da ka ji yau daga bakin ɗan canji. Kada ka tambaye ta nawa ake sayar da bijimi a Mai'aduwa, ko nawa tiyar wake. Tana iya yanko maka farashi da ƙarfin gwiwa alhali ƙirƙira ta yi. Ko wadda take iya leƙa intanet ba za ta samu ba, don cinikin kara a bakin dillali yake, ba a rubuce ba.

Haka zancen hanya. Kun tuna an rufe iyakar Najeriya a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, har zuwa Maris na 2024. A watan Mayun 2025, saura makonni kaɗan Layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje, wanda ya yi kiwo da niyyar ƙetarawa ya san abin da ya gani. Babu na'urar da za ta gaya maka abin da za ka tarar gobe a wurin duwan ko kwastan. Abin da za ta iya shi ne ka ce mata, "A ce an rufe hanya wata uku, ina zan kai kayana?" ta taya ka tanadin kasuwa ta biyu a gefen da kake. Da ɗan gari akan ci gari, labarin hanya kuwa wurin direba yake.

In an zo rubuta saƙon talla, a sa ta yi kala uku, gajeru. Hausarta takan fito a sandare, wani lokaci da kalmar da ba wanda yake faɗa a kasuwa, don haka a karanta da ƙarfi a gaban mutanen gida, a gyara har ya zama maganarku. Wanda ya iya Faransanci ko Turanci zai ga ta fi sakin jiki da su, sai ya juya da kansa. Daga nan inna ta ɗauka da muryarta ta tura. Mutanenmu sun fi gaskata murya a kan rubutu. Tallar rediyo ma tana nan, ba don gidanmu ne na faɗa ba, amma a bari sai kaya sun kai a yi musu shela.

Kuma kada a sayar da saniya don shawarar waya. A fara da kwalba ashirin. Goma a kai wa masu tuwo, goma a sa a WhatsApp. Bayan kasuwa huɗu a koma wa na'urar da abin da ya faru: nawa aka sayar, wa ya dawo, wa ya ce ya yi tsada, wace kwalba ta yi yoyo. A zagaye na biyun nan ne shawararta take fara kama da ta wanda ya san wurin, domin yanzu da labarin kasuwarku take aiki.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya gwada, ko a kan mai, ko cuku, ko kilishi, ko raguna, ya aiko mana da saƙon murya mu ji yadda ta kaya, mu sa wa sauran jama'a. Allah ya tsare garke, ya ba da sa'ar kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.